Kwana 5 ina bin tsage a kogin Zambezi

Tsagen farko da ya cafki ƙugiyata a Zambezi bai yi daƙiƙa 3 a jikinta ba. Na ji fizga kamar an ɗaura igiyar a bayan mota, na ɗaga sanda sama da sauri, kifin ya yi tsalle ya bar ruwa gaba ɗaya, ya girgiza kai sau biyu, sai ga ƙugiyar ta dawo tana wuce kunnena. Jagoranmu yana zaune a bayan jirgi, hannunsa a kan inji, ko gezau bai yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne: “Yallaɓai, ka bar sandar a ƙasa. Da hannu ake soke shi.”

Na ji maganar, na kuma gane ta, amma sai da na yi kwana biyu kafin hannuna ya yarda da ita.

A watan Oktoba muka je, a sashen kogin da ke ƙasa da madatsar Kariba, wadda aka kammala a 1959. A nan Zambezi ne iyaka: gaɓar arewa Zambiya, inda gandun dajin Lower Zambezi yake, gaɓar kudu kuma Zimbabuwe da gandun Mana Pools. Daga Satumba zuwa Nuwamba ake neman tsage a wurin, don ruwa ya yi ɗumi ya kuma washe kafin damina ta zo ta gurɓata shi. Amma zafin ba na wasa ba ne, da rana ta take yakan haura digiri 40. Shi ya sa tun duku-duku muke fita, mu dawo kafin tsakar rana, sai la'asar mu koma.

Irin wannan fatsa ta bambanta da wadda yawancin mutane suka sani. Ba a sa ƙoto mai rai, ba tana, ba yankan kifi. Gashin tsuntsu da gashin dabba da ɗan zare mai ƙyalli ake ɗaure wa ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro ko ƙaramin kifi, shi ne ake kira ƙuda. Da yake ƙudan nan ba shi da wani nauyi, ba zai iya jan igiya ba idan an jefa shi. Igiyar ce mai nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a iska har ta miƙe ta kai shi inda ake so. Sandata mai tsawon ƙafa 9 ce, mai lamba 9 (lambar da ke nuna nauyin igiyar da ta dace da ita), da igiya mai nutsewa, a ƙarshe kuma guntuwar waya kamar tsawon tafin hannu, domin haƙoran tsage suna datse zaren roba kamar almakashi. Ƙudan da muka fi amfani da shi samfurin da Bob Clouser ya ƙirƙiro ne a Amurka a 1987, mai idanun dalma guda biyu da ke sa shi nutso da ka. Baƙi da ja ya fi karɓuwa da sassafe da kuma dab da faɗuwar rana.

Kafin tafiyar na yi watanni ina koyon jifa a filin ciyawa, kuma jifata ba ta da laifi. Matsalar daga wani wuri take. Wannan salon kamun kifi ya girma ne a kogunan ƙasashen sanyi, inda kifin yake da taushin baki, ƙugiyar ƙarama, zaren siriri. A can idan kifi ya ɗauka, ɗaga sanda ake yi a hankali, ƙugiya ta shige. Duk abin da na kalla na kuma karanta haka ya koya mini. Shi kuwa tsage bakinsa ƙashi ne. Sanda aba ce mai lanƙwasa, idan ka ɗaga ta sai ta shanye ƙarfin, ƙugiyar ta tsaya a kan ƙashi ba ta huda ba. Kifin na tsalle ya girgiza kai, shi ke nan. Abin da ake so shi ne bakin sanda ya nuna ruwa, ya kalli kifin kai tsaye, ka fizgi igiya da hannun hagu da dukan ƙarfinka, ka ƙara, ka sake ƙarawa, sannan ka karkatar da sandar gefe.

Ranar farko sau 7 aka ɗauki ƙudana, ban fito da ko ɗaya ba. A rana ta biyu jagoran ya ɗaure jirgi a gefen wani tudun yashi, ya cire ƙugiyar, ya naɗe ƙarshen zaren a jikin wani guntun ice ya riƙe, ya ja da baya kamar taku 15. Ya ce in riƙa jawo igiya kamar ina cikin ruwa. Ba zato sai ya fizga. Na ɗaga sanda. Ya ce, “Ban ji komai ba a hannuna.” Muka sake. Na bar sandar a ƙasa na fizga da hannu, icen ya kusa kuɓuce masa. Ya yi murmushi ya ce, “To wannan shi ne kifi zai ji.” Mun yi haka ya fi sau 30 a cikin wannan rana, yana canza lokacin fizgar don kada in iya tsammani. Babu wanda ya sa shi, lokacin hutunsa ne. Har yau idan na tuna tafiyar, wannan tudun yashin nake fara gani kafin kowane kifi.

Daga nan na fara lura da abin da mutumin nan yake yi duk yini, wanda da farko na ɗauka tuƙin jirgi ne kawai. Ni idan na dubi kogin, ruwa nake gani mai faɗi, launi ɗaya. Shi kuwa zai kashe inji a wani wuri da ban ga bambancinsa da sauran ba, ya bar ruwa ya tafi da mu, ya ce in jefa wajen da launin ruwan ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma kore mai duhu. Nan ne yashi ya ƙare, zurfi ya fara. Ƙananan kifaye suna bin saman yashin, tsage kuma yana laɓe a bakin ramin yana jiran wanda ruwa zai turo. Haka bayan itacen da ya faɗa ruwa, da wurin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya har layin kumfa ya fito. Yana duba gaɓa kowace safiya ya ga ko ruwa ya hau ko ya sauka cikin dare, don sakin ruwan Kariba yana canza inda kifi ke tsayawa. Da agogo yake ba ni hanya, goshin jirgi shi ne ƙarfe 12: “Ƙarfe 10, mita 15, ƙirga goma kafin ka fara ja.” Ƙirgan nan ma da dalili. Igiyar tana nutsewa kamar santimita 15 a daƙiƙa, ƙirga goma ya kai ta mita ɗaya da rabi. Idan ka yi gaggawa, ƙudan zai wuce ta saman kan kifin bai ko gan shi ba.

Kuma duk wannan yana yi ne ido ɗaya a kan dorina. Yana sanin kowane garke da wurin kwanciyarsa, ya san namijin da aka kora yake zaune shi kaɗai, wanda ya fi kowanne haɗari. Sau ɗaya na sa hannu a ruwa zan wanke, ya ce da ni cikin murya ƙasa-ƙasa in ɗauke, ya nuna min da haɓa. Sai da na ƙura ido na ga idanun kada biyu a gefen ciyawa.

Safiyar rana ta uku na fito da tsagena na farko, bai kai kilo 2 ba. Na daɗe ina kallonsa a cikin ragar. Jikinsa fari fat kamar azurfa, baƙaƙen layuka sun bi shi daga wuya zuwa wutsiya, wutsiyar ja kamar an tsoma ta a garwashi. Haƙoran suna waje ko da ya rufe baki, na sama suna shiga tsakanin na ƙasa. Masana suna kiransa Hydrocynus vittatus, kalmar farko ma'anarta karen ruwa, kuma sunan ya dace. A 2014 aka wallafa wani bincike daga madatsar Schroda a Afirka ta Kudu, inda aka ɗauki hoton irin kifin nan yana tsalle yana cafke tsattsewa tana cikin tashi. Wanda ya ji fizgarsa a yatsa ba zai yi mamaki ba. Ni igiya ta ƙone min ɗan ali tun rana ta biyu, sai da aka naɗe min shi da filasta.

Kuskuren da ya fi yi min ciwo a rana ta huɗu na yi shi. Bayan kifi biyu a jere, wayar ta lanƙwashe ta yi gwiwa. Jagoran ya ce mu canza. Kifi na ta tsalle a gabanmu, rana na shirin faɗuwa, na ce bari in ƙara jifa ɗaya. A jifar nan ce babban ya zo. Na soke shi yadda ya kamata, sau 3, ya kwashi igiya har ta ƙare ta shiga zaren ajiya da ke ƙarƙashinta, ya yi tsalle can nesa muka ga faɗin cikinsa. Sai igiya ta saki. Da na jawo, wayar ta karye daidai kan gwiwar nan. Rashin kifin bai dame ni ba kamar sanin cewa ya tafi da ƙugiya a baki saboda minti 2 da na ƙi bayarwa. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne tun ranar farko jagoran ya sa filaya ya matse ƴar ƙayar da ke bayan tsinin kowace ƙugiya, don haka tana iya fita da kanta. Bai ce min komai ba. Ya miƙo min sabuwar waya.

A cikin gandun Lower Zambezi duk kifin da aka kama sakinsa ake yi, kuma sakin ma aiki ne da ake koya. Ruwan ɗumi iskar da ke cikinsa ba ta kai ta ruwan sanyi ba, kifin da aka wahalar da shi tsawon lokaci yana iya mutuwa bayan an sake shi, ko kada ya same shi a gajiye. Don haka ba a wasa da shi, ana jawo shi da ƙarfi a gama da wuri. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kada a rataye shi ta baki, a tallafi cikinsa. Mai ɗaukar hoto ya shirya tun kifin yana cikin raga. Da farko na ɗauka takura ce. Daga baya na gane cewa babu mai zuba kifi a wannan ruwa, abin da kogin ya haifa shi ne ke nan, kuma manyan da kowa ke nema yawancinsu mata ne masu ƙwai. Aikin jagoran da na ƴaƴansa yana cikin kifin da ya koma da rai.

Sauran baƙin da muka haɗu da su a sansani sun zaga wurare. Wani ya je kogin Rio Negro a Burazil, wani ya bi kifin dorado mai ruwan zinariya a kogunan Bolibiya, wani kuma ya kama giwan ruwa cikin dare a kogin Faro na Kamaru. Da muka zauna hira, kowa labarinsa ɗaya ne: a duba lokacin da ruwa ke sauka kafin a sa ranar tafiya, a bar sanda a ƙasa, a saurari mutumin da ke bayan jirgi. Ni zan ƙara da cewa a koyi jifa cikin iska tun a gida, domin kwanakin kogi sun yi kaɗan a ɓata su wajen koyon abin da filin ciyawa zai koyar. A kuma riƙa sa tabarau kullum, ƙugiya mai idon dalma tana dawowa da gudu.

Safiya ta ƙarshe muka tsaya ƙarƙashin wata doguwar gaɓa da jajayen tsuntsaye masu cin ƙudan zuma suka huda ramuka suka yi sheƙa, ɗaruruwansu suna shawagi a kanmu. Na duba wayata da yatsa, lafiya lau. Na jefa, na ƙirga goma, a ja na huɗu igiya ta tsaya cik. Hannun hagu ya yi aikinsa tun kafin in yi tunani. Tsalle 4 ya yi, kowanne na sunkuyar da sanda, cikin minti 5 yana cikin raga. Ma'auni ya nuna kilo 5 da ɗan ɗoriya. Jagoran ya leƙa dama da hagu, ya sauke shi a gefen jirgi, kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, ya riƙe wutsiyar da yatsu biyu. Muna kallon marfin kunnuwansa yana buɗewa yana rufewa, a hankali, sannan da ƙarfi. Can sai ya yi wata girgiza, ya watsa mana ruwa a fuska, jar wutsiyar ta nutse cikin koren ruwa.