Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rajistar Jibi da Waɗanda Suka Ja da Baya

Makon jiya mun tsaya a lokacin da masaƙun Kakuri suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, ga kuma raunin rikicin Fabrairun 2000 bai gama warkewa ba. A waɗannan shekaru rajistar Jibin Ubangiji ta majami'armu tana hannuna a matsayin dattijo. Saboda haka kashin wannan mako na mutanen da ke cikin littafin nan ne, da tambayar da ta fi kowace raba kan dattawa: wanda ya ba da gaskiya ga Yesu, aka yi masa baftisma, daga baya ya juya, cetonsa ya tafi ko yana nan?

Tsarin rajistar mai sauƙi ne. Kowane mai baftisma da layinsa, kowane wata da gidansa, ranar jibi a sa alama. Amma duk wanda ya daɗe da littafin nan ya san cewa kafin gidan jibi ya fara zama wayam, tafiya ta riga ta yi nisa. Addu'ar Laraba ce ke fara faɗuwa. Sai mutum ya janye daga ƙungiyarsa, ko mawaƙa, ko Zumuntar Mata, ko ta matasa. Bayan haka ya riƙa zuwa sujada a makare, ya zauna kusa da ƙofa, ya fice kafin a sa albarka don kada a gaisa. Jibi ne na kusa da ƙarshe. Daga nan sai Kirsimeti da Ista, sai kuma ranar jana'izar wani.

Kaɗan ne suka bar mu don sun yi nazari sun ƙi koyarwa. Magidancin da masaƙa ta sallama ya koma gadi ko acaɓa, Lahadi ta zama ranar neman abinci, kunyar baiko kuma ta ƙarasa shi. Iyalin da rikici ya tasa daga Tudun Wada ko Rigasa suka tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha, Romi ko Gonin Gora ba tare da takardar canjin majami'a ba: tsohuwar majami'a tana zaton suna sabuwa, sabuwar ba ta san da su ba. Akwai mai bashin adashi da ba ta iya haɗa ido da matan zumunta. Akwai ma'auratan da rashin haihuwa ya kai su gidan boka, ko ya kai mijin ga mace ta biyu. Akwai kuma wanda ya binne ɗansa a rikici, yana fushi da Allah, ba wanda ya ba shi wurin faɗin haka. Waɗannan duk layinsu ɗaya ne a rajista, amma ciwonsu dabam dabam, kuma maganin wani zai iya kashe wani.

A taron dattawa, da zarar an ambaci sunan irin wannan mutum sai a rabu biyu, kowane ɓangare da Littafi Mai Tsarki a buɗe. Wasu su kai mu Yohanna 10:28-29, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa ko daga hannun Uba. Su ƙara da Romawa 8:38-39 da Filibiyawa 1:6. In ka tambaye su wanda ya fita bai dawo ba fa, sai su nuna 1 Yohanna 2:19: sun fita daga cikinmu ne don dama ba namu ba ne. Ɗaya ɓangaren kuma su buɗe Ibraniyawa 6:4-6 da 10:26-27, da 2 Bitrus 2:20-22, da reshen da aka sare a Yohanna 15:6. Su ce ga Dimas, wanda Bulus ya lissafa cikin abokan aikinsa a Filimon 24, ya kuma ce a 2 Timoti 4:10 ya yashe shi don ƙaunar duniyar nan.

Gardamar ba a Kaduna ta fara ba. Almajiran Arminiyus sun kawo ƙorafinsu a ƙasar Holan a 1610, majalisar Dort ta zauna daga 1618 zuwa 1619 ta tsaya a kan cewa zaɓaɓɓu za su jimre har ƙarshe. John Wesley ya koyar cewa mai bi zai iya fāɗuwa daga alheri, Metodis suka gāji wannan, Assemblies of God ma a nan suke. Yawancin 'yan Baptis suna ɗaya gefen. Katolika kuwa suna koyar da cewa zunubi mai kisa yana raba mutum da alheri idan abu uku suka haɗu, wato laifin babba ne, mutum ya sani sarai, ya kuma yi da ganganci, sai ya koma ta hanyar furta zunubi gaban fada. A unguwa ɗaya ta Narayi ko Television za ka sami majami'un nan duka, shi ya sa membobinmu kan zo da koyarwa a gauraye.

Ni inda na tsaya shi ne wanda aka haifa ta Ruhu da gaske, Allah zai riƙe shi. Ceto aikin Allah ne daga farko, ba ni ganin yadda zai bar ƙarshensa a hannun mutum mai rauni. Amma ban yarda a mai da wannan lasisin zunubi ba, kuma ban yarda gargaɗin Ibraniyawa wasa ne ba. Da irin wannan gargaɗi ne Allah yake riƙe nasa. Abin da ya fi damuna shi ne dattawa su ɓata sa'a biyu suna yanke hukunci a kan abin da ba su iya gani. A daren da aka kama Yesu, da an ba mu rajista, Bitrus da Yahuza layi ɗaya za mu ja musu. Ɗaya ya yi mūsu har sau uku, ɗaya ya sayar. Bambancinsu bai fito ba sai daga baya. Ko ka ce mutumin ya rasa ceto, ko ka ce bai taɓa samu ba, ko ka ce ɗa ne da ya ɓata hanya, aikin da ke gabanka ɗaya ne, Yakubu 5:19-20 ya faɗe shi: a je a komo da shi.

Yadda ake zuwan ne ke da wuya. Kada a jira wata uku. Lahadi biyu a jere ba labari sun isa a taka. Mutum ɗaya ne zai fara zuwa, kamar yadda Matiyu 18:15 ya tsara, kuma ba lallai fasto ba, wanda suke ɗasawa da shi ya fi. Mace, a tura mata dattijuwa daga zumunta. Dattawa biyar su sauka ƙofar gidan haya da yammacin Lahadi, maƙwabta suna leƙe, wannan ba ziyara ba ce, sammaci ne, kuma mutumin ba zai sāke buɗe bakinsa ba. A zuwan farko ba a tambayar "me ya hana ka zuwa coci?" domin amsarta a shirye take: "Baba, aiki ne." A tambayi gida, yara, haya, lafiya. Sau da yawa sai zuwa na uku za ka ji, "Baba, gaskiya akwai magana." In yunwa ce, mudun masara ya riga wa'azi. In bashi ne, a zauna da mai kuɗin a tsara biya. In zunubi ne a fili kuma ya ƙi ji, sai a koma da mutum ɗaya ko biyu, kuma abin da aka ji ya tsaya a tsakaninsu. Maganar da ta fita daga bakin dattijo zuwa matarsa ta kai kasuwa kafin Laraba, ta rufe ƙofar tuba ta shekaru.

Sai batun horo. A tsarinmu akan dakatar da mutum daga jibi da kowane muƙami, wata uku ko shida gwargwadon laifi, a wasu majami'u har a zaunar da shi bencin baya. Horo yana da tushe, 1 Korantiyawa 5 tana nan. Amma Bulus ɗin da ya ce a fitar da mai laifi, shi ne ya rubuta a 2 Korantiyawa 2:6-8 cewa hukuncin ya isa, a gafarta, a ta'azantar, kada baƙin ciki ya haɗiye mutumin. Horon da ke lalata mutane na san kamanninsa. Ba a sa masa ranar ƙarewa. Ba a haɗa mai horon da wanda zai riƙa zama da shi kowane mako suna karatu da addu'a. Yarinya mai ciki tana bencin baya, wanda ya yi cikin yana kaɗa jita a gaba. Mai kuɗi a yi masa magana a ofis, talaka a kira sunansa a bagade. Kuma ranar maidowa a yi ta a ɓoye, alhali sanarwar laifin a gaban kowa aka yi. In an sanar da fāɗuwa a bainar jama'a, a sanar da komowa a bainar jama'a, fasto ya miƙa masa hannu, ya ci jibi a ranar.

Ikkilisiyar farko ta sha wannan gwaji. A shekara ta 250 sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa suka yi, wasu suka sayi takardar. Da tsanani ya lafa, Nobatiyan a Roma ya ce ba a karɓarsu har abada. Sifiriyan, bishop na Kartaj, da majalisar da ta zauna a 251 suka ce a karɓe su bayan tuba, kowa gwargwadon abin da ya yi. Hanyar Sifiriyan ce ikkilisiya ta bi. Nakan tuna wannan idan aka kawo zancen wanda ya ɓoye bangaskiyarsa a shingen 'yan daba don ya tsira da ransa, sannan kunya ta hana shi dawowa.

Akwai kuma waɗanda ba su bar majami'a ba, amma tsoro yana cin su. Saurayi ya karanta Ibraniyawa 6 da dare, ko ya ji wa'azin saɓon Ruhu Mai Tsarki daga Matiyu 12:31-32, ya zo yana rawar jiki: "Baba, na yi zunubi bayan baftisma, ina ji ƙofa ta rufe." Amsar da nake bayarwa ba ta canzawa. Ɗana, wanda ayar take magana a kai ba ya neman tuba, ya raina Almasihu a fili yana kuma alfahari da haka. Kai da ka zo da hawaye, wa ya kawo ka in ba Ruhun ba? Sai mu karanta 1 Yohanna 1:9 tare, ya faɗi zunubin da sunansa, mu duba ko akwai wanda zai biya ko ya roƙa gafara, mu sa ranar da zai dawo mu sāke zama. Irin wannan ba a ƙara masa gargaɗi, a ajiye gargaɗin don wanda ke cikin zunubi yana cewa ai an riga an cece shi.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga shekarar 2011, da yadda majami'armu ta karɓi iyalan da suka gudo bayan rikicin zaɓe.