Talata: IPv4 da IPv6 a kan kwamfuta guda

Tun da safe na shiga aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato kunna IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, a kan kwamfutocin ofishinmu ba tare da kashe tsohon tsarin, IPv4, ba, ta yadda kowace kwamfuta za ta riƙe adireshi iri biyu a kan katin sadarwa guda. Adireshin IPv4 bit 32 ne tsawonsa, abin da ke ba da adireshi kusan biliyan 4.3 kacal, kuma tun Fabrairun 2011 hukumar IANA mai rabon adireshin intanet a duniya ta raba rukunan ƙarshe da suka rage a hannunta. Na IPv6 kuwa bit 128 ne. Sai dai ƙa'idojin biyu ba sa jin yaren juna, don haka kwamfutar da ke son magana da kowa tilas ta iya duka biyun. Nakan tuna cewa a ranar 1 ga Janairun 1983 aka tsayar wa ARPANET, magabaciyar intanet, rana guda ta komawa ƙa'idojin sadarwa na TCP/IP, amma intanet ta yau ta fi ƙarfin a sa mata rana irin wannan.

Kunnawar ba ta ɗauki lokaci ba. Rauta, na'urar da ke haɗa ofishinmu da intanet, ta fara sanar da rukunin adireshinmu, kwamfutoci suka ƙera nasu da kansu, na ga dogon layin lambobi da haruffa ya bayyana a ƙarƙashin tsohon adireshin.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata abokiyar aiki ta zo ta ce shafin da take tura rahoto yana buɗewa lafiya, amma da zarar ta fara ɗora babban fayil sai ya tsaya cak. Wannan ya ɗaure mini kai, domin burauza na zamani suna gwada IPv6 tukuna, idan bai amsa da wuri ba su koma IPv4 cikin ƙiftawar ido, dabarar da ake kira Happy Eyeballs. Daga baya na gane cewa dabarar ba ta duba komai sai farkon haɗuwa, kuma a nan haɗuwar ta yiwu, matsalar tana zuwa ne bayan manyan ƙunsoshin bayanai sun fara tafiya. A IPv6 rautocin kan hanya ba sa gutsuttsura ƙunshin da ya yi wa hanya girma. Suna jefar da shi ne, su aiko wa mai turawa saƙon gargaɗi na ICMPv6 cewa ya rage girmansa. Da na buɗe katangar tsaronmu ta bakin hanya, sai na tarar da dokar da na kwafo daga tsarin IPv4 tana tare duk irin waɗannan saƙonni, kwamfutar kuma tana ta maimaita turawa ba tare da ta ji gargaɗin ba. Na gyara dokar, fayil ɗin ya wuce a gabanmu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo ne da yamma. Sabarmu ta Linux tana da dogon jerin dokokin iptables, wato katangar tsaronta, da na shekara ina tacewa, amma waɗannan dokoki IPv4 kaɗai suke gani. Da na duba ip6tables, wato katangar ɓangaren IPv6, babu ko layi ɗaya a ciki, ma'ana tashar rumbun bayananmu da nake ganin a rufe take ta wuni a buɗe ta ƙofar IPv6, kuma babu NAT, dabarar haɗa kwamfutoci a bayan adireshi guda, da zai ɓoye ta kamar yadda muka saba.

Na zauna na rubuta dokokin layi-layi, ina gwada kowace tasha sau biyu, da tsohon adireshi da sabo, har sakamakon ya zo daidai. Ban sa wa sabar rajistar AAAA, mai nuna adireshinta na IPv6, a DNS, kundin da ke haɗa suna da adireshi, ba tukuna. Na bar ta da rajistar A ta IPv4 kawai, sai gobe idan na sake gwaji daga wajen ofis.