Yadda na nemi ra'ayin jama'a a kan wani dogon bene a Landan

Shekara shida ke nan ina aikin akanta a wani ofis da ke tsohon birnin Landan, yankin nan da faɗinsa bai fi murabba'in mil ɗaya da 'yan kai ba, inda bankuna da kamfanonin inshora suka yi cincirindo. Wata safiya na tarar da takarda ɗaure a jikin turken fitila, tana sanar da cewa an nemi izinin rushe wani tsohon gini domin a kafa benen ofisoshi mai hawa fiye da 40, kuma duk mai magana yana da kwana 21 ya aika wa hukumar birnin. Ginin yana kallon ɗan filin da nake zama in ci abincin rana, don haka abin ya tsaya mini a rai. Na ƙudura cewa zan rubuta, amma sai na fara jin bakin waɗanda muke raba filin da su.

Na fara da zuwa wurin da masu ginin suka baje zanensu. An jera manyan hotuna, ga kuma ɗan samfurin ginin a cikin akwatin gilashi. Kusan kowane hoto daga nesa aka nuna shi, ko daga tsallaken kogin Thames da almuru, ko daga sama kamar yadda shaho ke gani, ginin yana walƙiya a tsakanin 'yan'uwansa. Na ɗauki hotunan a waya, na riƙa nuna wa abokan aiki ina tambayarsu ko ginin yana da kyau.

Wannan tambaya ita ce kuskurena na farko, domin kuwa amsoshin duk a kan siffa suka tsaya. Wani ya ce ya yi kama da akwati, wata ta ce ya fi na kusa da shi tsari, aka kuma shiga neman laƙabin da za a sa masa. Mutanen Landan sun saba da haka. Benen da kamfanin Norman Foster ya zana, wanda aka buɗe a 2004, suna kiransa Gherkin saboda ya yi kama da kokwamba, na titin Fenchurch kuma Walkie-Talkie saboda ya yi kama da wayar oba-oba. Na cika shafuka da irin waɗannan maganganu, amma da na zauna zan haɗa su sai na ga babu abin kamawa, tun da abin da ya burge wannan shi ne ya ɓata wa wancan rai.

Wanda ya karkato da ni wani dattijo ne mai gadin ƙofar ofishinmu, Bahaushen Kumasi, wanda muke gaisawa da Hausa kowace safiya. Da na nuna masa hoton, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, ai ni ban taɓa ganin bene daga nan ba. A gindinsa nake wuni. Ka tambaye su ina iska za ta bi." Na ce, "Baba, wace iska?" Ya nuna mini kwanar da ke gaban ƙofa, inda a lokacin sanyi iska ke dukan jikin gilashi ta gangaro ƙasa da ƙarfi, har ta juya lemar mutane ta tura masu keke gefe. Kullum nakan bi ta wurin, amma ban taɓa danganta wannan iska da zanen gini ba.

Ashe hukumar birnin ma ta san da matsalar, domin a 2019 ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa masu dogayen gine-gine su gwada yadda iska za ta kasance a ƙasa kafin a ba su izini. Tarihin Walkie-Talkie kuwa ya isa darasi. A 2013, tun ba a gama shi ba, gilashinsa mai lanƙwasa ya tattara hasken rana ya narka sassan wata mota ƙirar Jaguar da aka ajiye a titi, sai da aka bi fuskar ginin da abin tare rana. A 2015 wata mujallar masu zanen gini ta ba shi lambar sabon gini mafi muni a Birtaniya. Babu hoton talla da zai nuna wa mutum irin wannan tun da wuri.

Daga nan na sauya tambaya. Na daina cewa ko yana da kyau, na koma tambayar mutum inda yake tsayawa, da ƙarfe nawa, da abin da yake gudun ya rasa. Na kuma sauya waɗanda nake tambaya: masu share ofisoshi da ke fitowa tun asuba, mai sayar da shayi a bakin filin, masu kai saƙo a kan keke. Wannan yana da muhimmanci a yankin da mazaunansa ba su kai 10,000 ba a ƙidayar 2021, alhali masu shigowa aiki sun haura 500,000. Wasiƙar sanarwa tana zuwa wa maƙwabtan gini, amma mafi yawan waɗanda za su rayu a ƙarƙashin inuwarsa ba su da adireshi a unguwar. Mai shayin ta gaya mini cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana ba ta daɗewa a filin, kuma a wannan ɗan lokaci take yin rabin cinikinta. Na kwashe kwanaki ina fita da agogo ina rubuta lokacin da hasken ke sauka a kan kujerun da lokacin da yake barinsu.

Wata maƙwabciyata da ta yi ritaya daga aikin tsara birane ta karanta rubutuna na farko, ta ce in cire duk inda na rubuta cewa ginin mummuna ne ba tare da hujja ba. Ta bayyana mini cewa jami'ai suna auna abubuwan da doka ta amince da su ne: hasken rana, iska, cunkoso, illa ga gine-ginen tarihi, da wuraren hange da aka kare. Ta ba ni misali da benen Leadenhall, wanda aka karkata fuskarsa baya domin kada ya shiga bayan ƙubbar majami'ar St Paul's ga mai kallo daga titin Fleet. Wato siffar da mutane ke gardama a kanta ma, sau da yawa doka ce ta sassaƙa ta.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Bevis Marks, wurin ibadar Yahudawa da aka gina a 1701. An nemi kafa bene mai hawa 48 kusa da shi, aka ƙi a 2021, aka dawo da mai hawa 43, aka sake ƙi a Disamban 2024. Masu ibadar ba su tsaya a kan kyau ko muni ba. Sun ce benen zai tare musu haske, zai kuma hana su ganin wata daga farfajiyarsu, alhali suna da addu'ar da suke yi idan sabon wata ya bayyana. Duk wanda ya taɓa tsayawa duban watan azumi zai gane nauyin wannan magana. Na tuna kuma yadda a Zariya, inda na tashi, idan mutum ya ɗora bene tagarsa ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, babu mai tambayar ko ginin ya ƙayatar; maganar haƙƙin maƙwabtaka ake yi, kuma akan sa shi ya toshe tagar.

Ba na cikin masu ƙin dogayen benaye. A cikin irinsu nake samun abincina, kuma na san birni yana bukatar ofisoshi. Sai dai ina ganin bai dace a riƙa auna ra'ayin jama'a da hotunan da aka ɗauko daga tsallaken kogi ba, sannan a ce mutane sun yarda. Ko benen 1 Undershaft, wanda tsayinsa zai kai mita 309.6 daidai da Shard, benen da ya fi tsayi a Birtaniya, abin da ya jinkirta amincewa da shi a 2024 shi ne filin jama'a da ke gindinsa, ba ƙololuwarsa ba.

Takardar da na aika a ƙarshe shafi biyu ce. Na sa lokutan rana da na rubuta, na kwatanta kwanar da Baba ya nuna mini, na roƙi a ja ƙasan ginin baya daga filin, a kuma fito da sakamakon gwajin iska cikin harshen da mai shayi za ta iya karantawa. Na karanta wa Baba ita da Hausa kafin in tura, ya sa na ƙara layi ɗaya a kan inda masu gadi za su fake idan ana ruwa. Bayan wasu watanni an sake liƙa takarda a jikin turken fitilar, cewa an gyara zanen kuma an buɗe sabon wa'adin jin ra'ayi. Na nemi hoton ƙasan ginin tukuna, na kai masa bakin ƙofa muka duba tare.