Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ni da Ɓeraye Masu Teɓa

A makon jiya na tsaya a inda Farfesa ta damƙa mini makullin ɗakin ɓeraye. Ni da a da in na hango ɓera sai na haye kujera, yau ga ni da safar hannu a gaban keji biyu.

Kejin farko baƙaƙen ɓeraye ne irin C57BL/6, kowanne bai wuce giram 30 ba, sai zillo suke. Na biyun kuwa ob/ob ne, sun ninka su nauyi, suna kwance ɓul-ɓul, ba abin da suka sani sai ci. Irinsu aka fara gani a 1949 a cibiyar bincike ta Jackson da ke Amurka, kuma sai 1994 Jeffrey Friedman ya gano abin da suka rasa: leptin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Wato ba haɗama ba ce, saƙon ne bai isa ba. Tun daga ranar da na ji wannan na daina saurin yi wa mai ƙiba hukunci.

Aikina shi ne gwajin suga. A hana su abinci awa shida, a auna, a yi musu allurar suga, sannan a ɗebi ɗigon jini a ƙarshen wutsiya a minti 15, 30, 60 da 120. A takarda kam ba wuya. Amma ɓera na uku ya ƙi kamuwa, na yi ta bin sa lungu-lungu cikin keji har muka gaji, ni da shi. Da na auna, sugansa ya haura tun ban taɓa sirinji ba. Haka na huɗu, haka na biyar.

Na kai wa Farfesa takardar ina murna, wai na gano wani abu. Ta duba, ta cire tabarau.

"Ke, har yaushe kika ɗauka kafin ki kama su?"

Na faɗa mata.

"To tsoronsu kika auna, 'yata, ba ciwon suga ba. Firgici na tunkuɗo suga daga hanta."

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe."

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi kullum da safe in je in ɗora su a tafin hannuna har su saba da ni. Kwana bakwai ina wannan, har wani mai huda a kunnen hagu ya fara hawowa da kansa.

Ranar da sakamakon ya fito daidai, sai ta nuna mini keji na uku a can kusurwa. Waɗannan an cire musu ƙwayar gadon ApoE, mai taimakawa wajen kwashe kitse daga jini, don a samu masu toshewar jijiya da za a yi nazari, domin ɓera lafiyayye da wuya kitse ya toshe masa jijiyoyin jini. Ta ce ranar Alhamis zan duba zuciyar da ke bugawa sama da sau 500 a minti ɗaya.

Mu haɗu mako mai zuwa.