Mun je ɗaukar 'yan makarantar kasuwanci aiki, an hana mu faɗin albashi

Har yau in na tuna taron nan sai raina ya sosu. Kamfaninmu na kayan masarufi ne, sito da ofis suna Sharaɗa, hedikwata tana Legas, ni nake riƙe da harkar ɗaukar ma'aikata a reshen Kano. Wata jami'a a nan cikin gari ta shirya ranar haɗa kamfanoni da 'yan ajin ƙarshe na sashen kasuwanci da masu yin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, muka biya kuɗin tebur, aka turo mana daga Legas bana, wato kyallen talla, da riguna da biro kwali guda, sannan ga saƙon oga a ƙasa: kar wanda ya kuskura ya faɗi albashi, duk wanda ya tambaya a ce masa albashi mai kyau ne, za a yi maganar in an zo intabiyu.

Na kira na ce yallaɓai wannan fa ba zai yi a Kano ba. Aka ce tsarin kamfani ne, haka ake yi ko'ina. To shikenan.

Abin da mutanen can ba su gane ba, ɗalibin kasuwanci a Kano da wuya ka same shi bai taɓa riƙe kuɗi ba. Wani tun yana sakandare yake zama a shagon kawunsa a Singa, wani gidansu 'yan Kwari ne, wani yana da tebur ɗin waya a Farm Centre, wata tana sayar da atamfa da turare ta WhatsApp tana tura kaya har Abuja. Masu MBA kuwa ba a magana, da yawansu ma'aikatan banki ne ko na gwamnati da iyalinsu, takardar suke nema su ƙara matsayi. Ga shi karatun kasuwanci ya samu kasuwa sosai a garin, ko ginin Dangote Business School da aka buɗe a BUK a 2018 ya ishe ka shaida. Irin waɗannan ba za su tsaya gabanka suna rawar jiki don ka ba su riga ba, su ne ma suke maka intabiyu.

Wani yaro ya zo, shadda a goge, ya gaishe ni da ladabi, ya tsaya ya ji bayanin aikin tas, jami'in talla ne muke nema mai zagaya diloli. Tambayoyin da ya yi min wallahi ko wasu ma'aikatanmu ba za su yi ba, kwana nawa muke ba dila bashi, in kaya ya lalace a hanya wa ke ɗaukar asara, me ya sa katon ɗinmu yake fin arha a Sabon Gari a kan Singa wani lokacin. A raina na ce wannan shi muke nema. Sai ya ce, yallaɓai nawa ne zai shigo akawun ɗina ƙarshen wata? Na karanto masa abin da aka ce in faɗa. Ya yi murmushi ya ce, ranka ya daɗe cinikin biri a sama kenan fa. Ya ajiye fom ɗin a hankali, ya yi min godiya ya wuce.

Kuma ba shi kaɗai ba, haka aka wuni. Su lissafi suke a tsaye. Sun san alawin bautar ƙasa ya koma dubu 77, sun san mafi ƙarancin albashi na tarayya dubu 70 ne tun 2024, na jihar Kano dubu 71, sun san za a cire kashi 8 cikin ɗari na fansho ga haraji, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san abin da adaidaita ke ci daga Hotoro ko Rijiyar Zaki zuwa Sharaɗa kullum safe da yamma. In ka ƙi faɗin lamba kawai ɗauka suke abin kunya ne shi ya sa kake ɓoyewa. Abin da ya fi ƙona min rai kenan, albashin namu ba na kunya ba ne! Ga kamasho, ga kuɗin mai, ga asibiti. Muna da abin faɗa aka rufe mana baki.

Teburin da ke gefenmu wani ƙaramin kamfanin robobi ne daga Bompai, ko bana mai kyau ba su da ita, manajan nasu dattijo ya samu kwali ya rubuta da maka: albashi daga kaza zuwa kaza, ana tashi kafin magariba, aiki a Kano ne ba canjin gari. Layi har bakin ƙofa. Ina kallo yaron nan ya ja kujera ya zauna wajensa, suka daɗe. Kuma na san abin da suke biya bai kai namu ba.

Sauran abubuwan duk ƙanana ne, amma ga mai shirin zuwa: je da mace a tawagarka. Abokiyar aikina da ta tafi sallah teburin ya zama maza zalla, ɗalibai mata sai dai su leƙo su wuce, tana dawowa suka taru, Anti ƙarfe nawa ake tashi, Anti in mutum na da aure fa. Kar ka yarda a sa maka jawabi daf da azahar, da kujeru za ka yi magana. Turanci a kan mumbari ba laifi, amma a tebur in ka juya Hausa nan ne za ka ji ainihin abin da ke ran mutum. Sannan link ɗin nan mai shafi biyar da ake cewa su cike a waya, da data ɗin wa? Karɓi lamba ka tura saƙo ta WhatsApp cikin satin, in ka bari ya kwana biyu an wuce wajen.

Amma duk wannan da mun yi shi daidai ma ba zai cece mu ba. Mun dawo da fom tuli, Legas suka yi ta murna da yawan, ni kuwa na san akasari masu son riga ne suka cike, waɗanda suka san kasuwa ba su bar mana ko suna ba. Da aka kira intabiyu wasu ba su zo ba, waɗanda suka zo kuma ka tambayi mutum yaya zai karɓo bashi wajen dila ba tare da an ɓata ba sai ya kama karanto maka littafi. Kujerar nan ta yi watanni babu kowa, ni da direba muke zagaya Singa da rana tsaka muna aikin da ba namu ba, kamfanin da muke gogayya da shi kuma yana ta cika shaguna. In aka haɗa abin da muka rasa a watannin nan ya ninka kuɗin tebur da rigunan ban san sau nawa ba, duk saboda lamba ɗaya.

Sai da na rubuta rahoto mai zafi, manajan reshe ya sa baki, kafin aka yarda a taro na gaba mu faɗi daga kaza zuwa kaza, kuma mu faɗi abin da zai rage bayan an cire fansho da haraji. Fom bai kai na farko yawa ba, wasu suna jin lambar suka ce Allah ya sa alheri suka tafi, kuma hakan ya fi min, ba mu ɓata wa juna lokaci ba. Cikin waɗanda suka tsaya muka ɗauki wata yarinya 'yar gidan 'yan kasuwa, yanzu diloli ita suke nema ba ni ba, in ta shiga layi sai ka ji ana Hajiya ƙarama ta iso.

Yanzu kuma an canja oga a Legas, sabon ya turo saƙo satin da ya wuce kan taron bana, wai a koma tsarin da, kar a faɗi albashi a bainar jama'a. Na amsa masa da ladabi na ce babu damuwa yallaɓai, sai dai a turo wanda zai tsaya a teburin daga can, ni zan kawo masa ruwa. Har yanzu bai ba ni amsa ba.