Kayan oda da ake kawo mana gyara

Da sallah ta matso sai status ya cika da hotuna biyu a jere, wai ga abin da na yi oda ga abin da aka kawo min, ana ta sheƙa dariya a TikTok, mu teloli kuwa mun san shagonmu kayan nan za su ƙare. Hajiya za ta shigo da leda, abaya ce ta gani a Instagram da tsakar dare ta tura kuɗi ko sunan yadin ba ta tambaya ba, ga hannu ya ɗangale, yadin shara-shara in ka ɗaga shi kana hango titi.

Tun da Temu, manhajar nan ta odar kaya daga China, ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024 abin ya ƙaru. XL ɗin China daban na matan Kano daban. Abin da ya fi ba ni haushi, ko rabin inci ba sa bari a cikin ɗinki, to Hajiya me zan saki? Ni duk rigar da ta fita daga hannuna akwai inci guda kowane gefe, ko haihuwa kika yi jiki ya buɗe a sake miki. Gwaggona ce ta koya min haka a kan keken Butterfly na ƙafa, ita ba ta kallon gaban riga, juya ta take ta duba ciki, in zare ya yi tsalle sau ɗaya ta miƙo min reza in farke duka. Kuma ba ta sa almakashi a atamfa sai ta shimfiɗa turmin nan yadi 6 ta ga inda zanen ya dosa, don fure ya haɗu da fure a ƙirji. Har yau haka nake yanka.

Yadi kuwa da ƙafata nake shiga Kantin Kwari in murza shi a hannu, mai sitaci nan take yake tona kansa.

Amma wadda ta biya kuɗin oda ba ko ciniki, ita ce za ta zauna min a benci tana Anti rage min mana. Ga masu satar hotunan ɗinkina su ɗora a shafinsu, su karɓi kuɗi su kai wa yaron da bai iya sa zif ba, Allah ya isa dai.

Mai son ɗinkin sallah ta kawo yadi kafin azumi ya kai goma, a zo in yi awo da kaina. Gyaran kayan oda kuma sai bayan sallah.