Ranar da Alice Powell ta ci tsere, Jamie Chadwick ta ci gasa

A ranar Lahadi, 11 ga watan Agusta, 2019, aka yi tseren ƙarshe na kakar farko ta gasar W Series a filin Brands Hatch da ke gundumar Kent a Ingila. Gasar ta mata ce zalla, kuma da motoci masu kujera ɗaya aka riƙa yin ta, irin waɗanda tayoyinsu ke fili, direba na zaune a cikin wani ɗan ƙuntataccen rami kamar a kwance. Tsere shida aka yi a wannan shekarar, an fara daga Hockenheim a Jamus, aka bi ta Zolder da Misano da Norisring da Assen, kuma duka a gefen DTM, wata gasar tseren motoci ta Jamus, aka gudanar da su.

Jamie Chadwick, 'yar Birtaniya mai shekara 21, ta iso Brands Hatch da maki 98, Beitske Visser ta ƙasar Holan tana bin ta da 85. Lissafin a bayyane yake: ko da Visser ta zo ta ɗaya, matsayi na uku ya ishi Chadwick ta ɗauki kambu, kuma a tsere biyar da suka gabata ba ta taɓa sauka ƙasa da na uku ba. Da aka yi gwajin gudu na tantance jerin tashi, ita ce ta fi kowa sauri, don haka daga sahun gaba ta tashi.

Sai dai filin Brands Hatch ba ya ba direba damar sakin jiki. Tsawonsa kusan kilomita 3.9 ne, hanyar ba ta da faɗi, ga hawa ga gangara. Kwanar farko, wadda ake kira Paddock Hill, direba na shigar ta ne ba tare da ya ga ƙarshenta ba, sai ƙasa ta zame a gabansa, motar ta faɗa gangare kafin ta sake hawa zuwa kwanar Druids mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Minti 30 da ƙarin zagaye ɗaya ake yi a haka. Chadwick ta jagoranci tseren da farko, amma Alice Powell ta wuce ta, Emma Kimiläinen ta Finland ta bi bayanta, daga ƙarshe Visser ma ta karɓe matsayi na uku. Chadwick ta ƙare a ta huɗu, ta haɗa maki 110, Visser 100, kuma wannan tazarar ta maki goma ta ba ta kambu da kyautar dala 500,000 daga cikin dala miliyan 1.5 da aka ware wa direbobin.

A ganina, nasarar Powell ta fi ta Chadwick bayyana dalilin kafa gasar. Powell ta ci gasar Formula Renault BARC a 2010, mace ta farko da ta ci wata gasa ta Formula Renault, sannan a 2012 ta zama mace ta farko da ta samu maki a gasar GP3, ɗaya daga cikin matakan da ke ƙasa da Formula One. Duk da haka kuɗi suka yanke mata, ta yi shekaru ba ta da tsayayyiyar mota, har ta koma taya mahaifinta aikin gyaran gidaje. Tseren motoci sana'a ce da a matakin ƙasa direba ne ke biya kafin ya hau mota, kuma wanda ba shi da iyaye masu hali ko kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, komai ƙwarewarsa, a gida zai zauna. W Series ta cire wannan shinge: ba a karɓi ko sisi daga direbobin ba, duka motocin iri ɗaya ne, ƙirar Tatuus, kuma ana sauya su tsakanin direbobi daga wannan tsere zuwa wancan domin kada wata ta ce motar wata ta fi tata. Abin da ya rage shi ne hannu da ƙafa da nutsuwa.

Labarin Kimiläinen ma abin dubawa ne. An buge motarta a tseren farko, raunin da ta ji ya hana ta tsere biyu, ta dawo ta ci na Assen, ta kuma zo ta biyu a nan.

Akwai direbobi mata, irin su Pippa Mann, da suka soki gasar tun kafin a fara ta, suna cewa ware mata a gefe koma-baya ne, tunda tseren mota na cikin wasannin da mace da namiji ke iya karawa kai tsaye. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma Brands Hatch kansa shaida ne, domin a nan Desiré Wilson ta Afirka ta Kudu ta doke maza a tseren gasar Formula One ta Birtaniya a 1980. Amma tun bayan Lella Lombardi a 1976 babu macen da ta sake tashi a tseren gasar Formula One ta duniya, kuma ina ganin matar da ke cikin mota, ko da a gasar mata ce, ta fi wadda ke zaune a gida kusa da samun wata damar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne matsalar da gasar ta zo magancewa ita ce ta kashe ta. Annobar korona ta hana kakar 2020, an dawo a 2021 a gefen Formula One, sannan a 2022 aka tsayar da kakar bayan tseren Singapore saboda kuɗin da ake jira ba su zo ba. Chadwick ce ta ci kambun duka kakanni ukun, daga nan ta koma Amurka, inda ta ci wani tsere na gasar Indy NXT a filin Road America a 2024. Formula One ta kafa tata gasar matan, F1 Academy, a 2023, kuma Marta García, wadda ta ci tseren Norisring a 2019, ita ce zakarar farko. Wadda ta gaje ta a 2024, Abbi Pulling, a hannun Alice Powell ta samu horo da jagoranci.